Fulogin ɗin buɗe takarda a burauza: wanne ake nufi, kuma yaya ake saita shi?

Wani dattijo ne ya shigo shagon kwamfutar da nake yawan zama da yamma, da laftof a hammata. Ya ce wa yaron shagon, "Ɗana, sa mini fulogin ɗin nan na PDF. Duk takardar da na danna sai ta sauka, ba ta buɗewa a gabana kamar da." Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya yi 'yan danne-danne da ba su kai minti ɗaya ba, ya miƙa masa. "Baba, an gama." Dattijon ya ce, "To me ka sa?" Ya ce, "Ban sa komai ba, Baba. Wani maɓalli ne aka juya, na mayar da shi." Dattijon ya yi ta kallonsa kamar wanda ya je asibiti likita ya sallame shi ba allura.

Dattijon bai yi kuskure ba. A zamanin da ya koyi kwamfuta, sai an sa fulogin kafin takarda ta buɗe a cikin burauza. Yaron ma bai yi kuskure ba, domin irin wannan fulogin ɗin an binne shi tun shekaru da dama. Abin da ke rikita mutane shi ne kalma ɗaya ce ake kiran abubuwa uku da ita. Akwai tsohon fulogin na ainihi, wato wata manhaja ta daban da ake jona wa burauza ta shigo cikin tagarta ta yi aiki. Akwai makarancin takarda da ke zuwa a cikin burauzar tun daga kamfani, wanda saiti kawai yake buƙata. Sannan akwai 'yan ƙananan ƙari da ake ɗauko wa daga rumbun Chrome ko na Firefox, waɗanda masu shago ke kira ekstenshan. Wanda bai raba su ba zai bi bayanin da aka rubuta a 2009 yana neman maɓallin da babu shi a yau, ko kuma ya faɗa hannun 'yan damfara.

Wa yake yanke hukunci idan ka danna takarda?

Kafin maganar saiti, a fahimci abin da ke faruwa a ɗan lokacin da ke tsakanin danna mahaɗi da bayyanar takarda. Burauzarka tana aika buƙata zuwa kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda ake kira saba. Ita kuma saba ba fayil ɗin kawai take turowa ba, tana haɗo shi da 'yan layukan bayani a samansa, tamkar yadda ake rubutu a jikin buhu kafin a ɗora shi a mota: na wane ne, mene ne a ciki. Biyu daga cikin layukan nan su ne ke da ruwa da tsaki a maganarmu.

Na farko sunansa Content-Type, shi ke faɗin nau'in kayan. Idan takardar PDF ce, ya kamata a rubuta application/pdf. Burauza tana duba wannan ta tambayi kanta: ina da abin da zai buɗe wannan nau'in? Idan tana da shi ta buɗe, idan babu ta sauke. Matsalar ita ce saba da yawa ba a saita su da kyau ba, sai su rubuta application/octet-stream, wanda ma'anarsa a taƙaice ita ce "wani abu ne dai, ban san ko mene ne ba". Burauzar da ta ga haka saukewa za ta yi. Layi na biyu shi ne Content-Disposition. Idan mai shafin ya rubuta inline, yana nufin a nuna a nan take. Idan ya rubuta attachment, yana nufin a ajiye a matsayin fayil. Bankuna da shafukan biyan kuɗi da dama da gangan suke zaɓar na biyun, don rasit ɗinka ya zauna a na'urarka.

Ke nan hannu uku ne a cikin kwanon: mai shafin, burauzarka, da kuma ita kanta kwamfutar, wadda ke da nata jerin na wace manhaja ke buɗe wane fayil. Na taɓa ganin wata makaranta da duk takardar da ke shafinta sauka take yi, ɗalibai suka yi ta zargin kwamfutocin shago, aka yi ta cire burauza ana sake sawa. Laifin yana can wurin sabar makarantar, babu abin da mai shago zai taɓa ya gyaru. Gwajin mai sauƙi ne: buɗe PDF daga wani shafi dabam. Idan ya buɗe lafiya, to bar kwamfutarka ta huta.

Yadda ake yi a da

Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, daga wani tunani na John Warnock, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin, wanda ya raɗa wa suna Camelot. Burinsa shi ne takarda ta fito da kamanninta ɗaya a kowace kwamfuta da kowace firinta. Burauzocin lokacin kuwa rubutu da hoto kaɗai suka iya. Sai kamfanin Netscape ya buɗe wata ƙofa a burauzarsa ta Navigator 2.0 a 1995, aka kira ta NPAPI. Ta wannan ƙofar kowace manhaja za ta iya cewa, "Nau'i kaza nawa ne, idan ya zo a ba ni wuri." Burauza sai ta yanka mata fili mai kusurwa huɗu a cikin shafi ta ja gefe. Microsoft ya yi tasa ƙofar a 1996 don Internet Explorer, mai suna ActiveX. Ta nan Flash ya shigo, da Java, da QuickTime, da RealPlayer, da Adobe Reader.

A Windows abin bai da wuya. Da ka sa Adobe Reader, shi da kansa yake ajiye ɗan fayil ɗinsa ya yi wa burauza rajista, sai dai ka shiga saitinsa ka tabbata akwatin nuna PDF a cikin burauza yana da alama. Masu Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta dabam da Windows, su ne suka sha wuya, kuma yawancin tsofaffin bayanan da ke yawo a intanet kan wannan batu nasu ne. Mutum zai nemo fayil mai suna nppdf.so a inda Reader ya zauna, ya kwafe shi ko ya yi masa mahaɗi zuwa cikin jakar ~/.mozilla/plugins, ya rufe burauza ya sake buɗewa, sannan ya rubuta about:plugins a wurin adireshi ya ga ko sunan ya fito da application/pdf a ƙarƙashinsa. Idan kwamfutarsa mai bit 64 ce, fulogin ɗin kuma na bit 32, ba za su ji yaren juna ba sai an sa musu tafinta mai suna nspluginwrapper. Waɗanda ba sa son manhajar Adobe sukan sa mozplugger, wanda ke kamo manhajoji irin su xpdf ko Evince ya cusa tagarsu a cikin ta burauza, ana saita shi ta hanyar gyara wani fayil na rubutu da hannu. Masu karatun tsofaffin littattafan da aka ɗauki hotonsu kuma suna da nasu, na tsarin DjVu, wanda aka ƙirƙira a ɗakunan binciken kamfanin AT&T a 1996. Adobe ya daina kula da Reader na Linux a 2013, a kan siga ta 9.5.5.

Na kawo wannan dalla-dalla ne don idan ka ci karo da bayanin da ke ambatar waɗannan sunaye, ka san ka shiga gidan tarihi ne. Babu ɗayansu da zai yi aiki a Chrome ko Firefox ko Edge na yau.

Me ya kashe shi? Babban aibinsa yana cikin ƙirarsa. Fulogin cikakkiyar manhaja ce da ke aiki da duk ikon da kai mai kwamfuta kake da shi: tana iya karanta fayilolinka, ta rubuta, ta goge. Kuma kowane shafi a duniya yana iya tashinta ya miƙa mata abin da ya ga dama. Baƙo ne ka ba makullin ɗaka, sannan ka ce duk wanda ya zo wucewa yana iya aikensa. Shi kuwa PDF ba takarda ce zalla ba kamar yadda ake zato; yana iya ɗauke da umarnin JavaScript, wato yaren da shafukan intanet ke aiki da shi, da haruffa na musamman, da hotuna masu tsarin matsewa iri-iri, da wasu fayiloli a cikinsa. Kuskure ɗaya a wurin fassara ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ɓarawo ya samu hanya. Ga shi kuma kowane fulogin da nasa tsarin sabuntawa, mutane kuwa ba sa sabuntawa, musamman inda data ke da tsada. Ƙari a kan haka, idan fulogin ya sandare yakan ja burauzar gaba ɗaya su faɗi tare. Da wayoyin zamani suka zo, iPhone bai taɓa buɗe wannan ƙofar ba, masu shafuka suka ga dole su koyi rayuwa ba tare da ita ba.

Google ya sanar a Satumbar 2013 cewa zai rufe NPAPI. A Afrilun 2015 Chrome 42 ya zo da ita a kashe, a Satumbar shekarar kuma Chrome 45 ya cire ta ɗungurungum. Firefox 52 ya bi sahu a Maris na 2017, ya bar Flash kaɗai, shi ma wa'adinsa ya cika ranar 31 ga Disamban 2020. Internet Explorer 11, mafakar ƙarshe ta ActiveX a wurin yawancin mutane, an yi masa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022.

Wanda ke cikin burauzarka tun asali

Ba su rufe ƙofar ba sai da suka tanadi madadi. Chrome ya fara zuwa da nasa makarancin PDF tun 2010, kuma a 2014 aka buɗe lambobin injinsa ga kowa da sunan PDFium, wanda aka gina tare da kamfanin Foxit. Mozilla, mai burauzar Firefox, ta bi wata hanya da ni dai ta fi burge ni: a 2011 injiniyoyinta suka fara rubuta PDF.js, makarancin da aka yi shi da JavaScript, wato da yaren da shafukan intanet ke amfani da shi. Takardar sai ta zama tamkar wani shafi, tana zaune a cikin katangar da ke killace kowane shafi. Yana zana kowace fuska ta takardar kamar hoto, sannan ya shimfiɗa rubutun da ba a gani a kai don ka iya zaɓa ka kwafa. Shi ya sa wani lokaci idan kana jan linzami a kan layi, shuɗin zaɓin yake ɗan kaucewa daga haruffan. Ya zama na dindindin a Firefox 19, a Fabrairun 2013. Edge kuwa, tun da ya koma kan ginin Chromium a 2020 ya zama ɗan uwan Chrome, kuma a 2023 Microsoft ya sanar da cewa injin Adobe ne zai riƙa zana PDF a cikinsa.

Saitin kansa gajere ne. A Chrome, rubuta chrome://settings/content/pdfDocuments a wurin adireshi. Zaɓi biyu za ka gani, na saukewa da na buɗewa a cikin Chrome. Wannan shi ne maɓallin da yaron shago ya mayar wa dattijon nan. A Edge adireshin iri ɗaya ne, sai dai a fara da edge:// a maimakon chrome://, kuma a can makunni ɗaya ne na "a sauke kullum", wanda za ka kashe. Firefox ya fi su ba da zaɓi. Shiga about:preferences, ka gangara zuwa sashen manhajoji, inda aka jera nau'o'in fayil, ka nemo layin PDF. Kana iya cewa ya buɗe a Firefox, ko ya ajiye, ko ya miƙa wa wata manhaja ta kwamfutar, ko ya tambaye ka kowane lokaci. Idan zaɓin buɗewa a Firefox ya ɓace gaba ɗaya, wataƙila wani ya shiga about:config ya mayar da pdfjs.disabled zuwa true. A mayar da shi false.

Akwai wani mai laifi da ba a cika zarginsa ba, kuma a shagunanmu shi ne na ɗaya: manhajar saurin saukewa, musamman Internet Download Manager. Tana da jerin nau'o'in fayil da take cafkewa kafin burauza ta taɓa su, kuma PDF yana cikin jerin. Komai kyan saitin Chrome ɗinka, da ka danna sai tagarta ta faɗo. Maganin shi ne a shiga zaɓuɓɓukanta, sashen nau'o'in fayil, a goge PDF daga jerin. Haruffa uku ne kacal, amma na ga an yi wa kwamfuta sabon Windows a kansu.

Kada kuma a haɗa wannan da saitin Windows na manhajar da ke buɗe fayil. Wancan ya shafi takardar da ta riga ta sauka tana zaune a kwamfuta, ka danna ta sau biyu. Windows 10 da 11 suna zuwa ne Edge na riƙe da wannan aikin, shi ya sa wanda bai taɓa amfani da Edge ba yake ganin takardunsa na buɗewa a can. Ana canza shi a saitin Windows, wurin manhajojin da aka ɗora wa kowane nau'in fayil, ko kuma ka danna fayil ɗin da maɓallin dama ka zaɓi abin da zai riƙa buɗe shi kullum.

To yaushe ake buƙatar ƙari?

Ra'ayina, mutum tara cikin goma ba sa buƙata, kuma wannan ƙiyasin ido ne na mai zaman shago. Makarancin cikin burauza yana nunawa, yana bincike, yana bugawa, yana cike fom na yau da kullum, wasu har rubutu da zane suna bari a yi a kan takarda. Inda ake buƙatar ƙari shi ne nau'o'in da burauza ba ta sani ba, kamar fayilolin Word da Excel da PowerPoint, ko DjVu, ko littattafan EPUB. Google yana da nasa ƙarin na Chrome mai buɗe fayilolin Office, Adobe ma yana da na Acrobat.

Ƙari ya bambanta da tsohon fulogin ta fuska mai muhimmanci. An rubuta shi da JavaScript, yana zaune a cikin katangar burauza, kuma dole ya faɗi izinin da yake nema kafin a sa shi. Hanyar sawa ɗaya ce: rumbun burauzar na hukuma, wato Chrome Web Store, ko addons.mozilla.org, ko rumbun Edge. Duba sunan wanda ya wallafa shi, ba sunan ƙarin kaɗai ba, domin masu kwaikwayo sun iya sa jan tambari da kalmar PDF. Sai ka tsaya a kan tagar izini, wadda kusan kowa ke tsallakewa. Idan ta ce ƙarin zai karanta ya kuma canza bayananka a duk shafukan da kake shiga, to hakan take nufi, har da shafin bankinka da akwatin imel ɗinka. Wasu makarantan na gaskiya suna buƙatar wannan izinin don su gane takarda a duk inda ta ɓullo, saboda haka izinin kaɗai ba hujjar mugunta ba ne. Tambayar ita ce ko ka yarda da mai shi har haka. A Chrome kana iya shiga chrome://extensions, ka buɗe bayanan ƙarin, ka taƙaita shi ga wasu shafuka ko ka ce sai ka danna shi zai yi aiki. A wannan shafin ne kuma ake kunna izinin taɓa fayilolin cikin kwamfuta, wanda idan babu shi ƙarin zai buɗe takardun intanet amma ya yi biris da waɗanda ka sauke. Kuma kada a tara biyu masu aiki ɗaya. Kishiyoyi ne, kowacce za ta ce girkinta ne, ƙarshe ka samu farin shafi.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba. A Janairun 2017 wata sabuntawa ta Acrobat Reader ta sa wa masu Windows ƙarin Chrome ba tare da sun nema ba, kuma cikin 'yan kwanaki Tavis Ormandy, mai binciken tsaro a Google, ya gano ɓaraka a cikinsa, aka toshe. Shi ma PDF.js an samu rami a cikinsa a 2024, ta hanyar yadda yake sarrafa haruffa, aka gyara a Firefox 126. Bambancin kawai shi ne gyaran makarancin cikin gida yana zuwa ne tare da sabuntawar burauza, ba sai ka tuna da shi ba.

Wani abin lura: ƙari da yawa ba a kwamfutarka suke buɗe takardar ba. Suna tura ta zuwa sabar kamfaninsu, a can a sarrafa ta, a dawo maka da hotonta. Idan jadawalin darasi ne babu damuwa. Idan takardar NIN ce, ko bayanan asusun banki, ko sakamakon asibiti, to ka miƙa wa wanda ba ka sani ba kwafi.

Ƙ da ɗ da ɓ

Nan ne maganar ta taɓo mu kai tsaye. Kafin Unicode ya zama ruwan dare, masu buga Hausa sun dogara da haruffa na musamman irin su Rabi'at, inda aka ɗauki wasu alamomin allon rubutu da ba a cika amfani da su ba aka zana haruffa masu lanƙwasa a gurbinsu. A idon mai karatu ƙ ce, amma a cikin kwamfuta alamar } ce ke zaune a wurin. Haka ɗ take ], ɓ kuma ~. Duk wanda ya taɓa karanta "}asa" ko "]aya" ko "ta~a" a wani rubutu ya gamu da wannan gadon.

Fayil ɗin Word galibi sunan salon haruffan kawai yake ɗauka, ba su kansu ba. Idan ka buɗe shi da ƙarin burauza, ko a sabar wani kamfani da ba ta taɓa jin sunan Rabi'at ba, sai a maye gurbinsa da wani salon, duk haruffanmu su koma baka da sanda. Babu saitin da zai gyara wannan a burauza. PDF kuwa yana iya haɗiye haruffan a cikinsa, shi ya sa tsohon kundin digiri da aka mayar PDF yake fitowa tsaf. Amma gwada neman kalmar "ƙasa" a cikinsa: ba za a samu ko ɗaya ba, alhali ga ta nan birjik a shafi. Rubuta "}asa" ka ga abin mamaki. Ɗalibai masu bincike a tsofaffin kundaye, wannan dabarar za ta rage muku wahala. Idan kuma ko wace kalma ka nema ba a samu ba, kuma linzami ya ƙi zaɓar rubutu, to takardar hoto ce aka ɗauka da sikana, babu harafi ko ɗaya a cikinta a wurin kwamfuta. Haka yawancin rubuce-rubucen ajami da ke intanet suke.

Fom ɗin da ke cewa a jira

Akwai wani nau'in PDF da ke ba masu neman biza ciwon kai. Ka danna fom, maimakon tambayoyi sai ka ga shafi ɗaya da Turanci yana cewa ka dakata, idan saƙon bai sauya ba to makarancinka ba zai iya nuna irin wannan takardar ba. Mutum ya yi ta jira har a ɗauke wuta. Irin waɗannan an gina su ne da wata fasahar Adobe mai suna XFA. PDF ɗin bawo ne kawai, ainihin fom ɗin yana ciki da wani tsari dabam, kuma shafin jiran nan shi kaɗai ne abin da makaranci na gama-gari ke gani. Fom-fom na hukumar shige da fice ta Kanada sun shahara da wannan, ita hukumar da kanta tana umartar mutane su sauke fom ɗin su buɗe shi da Adobe Reader. Da PDF ya zama ma'aunin duniya na ISO a 2008, XFA bai shiga cikin ainihin ma'aunin ba, kuma PDF 2.0 na 2017 ya yi watsi da shi. Firefox ya fara iya buɗe su tun siga ta 93 a 2021, amma fom ɗin da ke da maɓallin tantancewa mai fitar da lambar layi-layi a ƙarshe, ni ba zan yi kasada da shi ba. Danna mahaɗin da maɓallin dama, ka ajiye fayil ɗin, ka tashi Reader na kan kwamfuta, ka buɗe shi daga can. Nan kam yaron shago ba shi da maɓallin da zai juya; dole a fita daga burauza.

"Sai ka sa fulogin kafin ka ga wannan takardar"

Tunda an ga cewa babu burauzar zamani da ke karɓar tsohon fulogin, to duk shafin da ya nuna maka takarda dishi-dishi ya ce sai ka sauke wani abu kafin ta fito, ƙarya yake yi. Yawanci da saƙo yake zuwa: sunanka ya fito a jerin ɗaukar aiki, ga takardar tallafi, ga rasit ɗin kuɗin da aka turo maka. Abin da zai sauka fayil ne mai ƙarewa da .exe ko .msi a kwamfuta, ko .apk a waya. Wani salon kuma ba ya ba ka komai, sai ya ce ka shigar da imel da kalmar sirrinka "don tabbatarwa". Ofishin hukumar FBI ta Amurka da ke Denver ya yi gargaɗi a Maris na 2025 kan dangin wannan, wato shafukan sauya fayil kyauta da ke haɗo wa mutane da manhajar sata.

Windows yana taimaka musu ba da niyya ba, domin yana ɓoye wutsiyar sunan fayil. Abin da aka raɗa wa "takarda.pdf.exe" sai ya bayyana a matsayin "takarda.pdf", har da jan tambari. Shiga saitin nuni na File Explorer ka kunna nuna wutsiyar suna, sau ɗaya ake yi. Idan har yanzu kana shakka, kada ka danna fayil ɗin. Buɗe Notepad, ka jawo shi ciki. PDF na gaskiya yana farawa da %PDF- da lambar siga, kamar 1.4 ko 1.7, sauran kuma tarkacen alamomi ne da ba naka ba ne ka karanta. Idan haruffa biyun farko MZ ne, manhajar Windows ce ta sa rigar takarda.

A waya maganar ta fi gajarta. Chrome na Android ba ya karɓar ƙari kwata-kwata, saboda haka duk wanda ya ce ka sa masa fulogin ya nuna kansa. Safari na iPhone yana buɗe PDF da kansa, Firefox na Android ma ya samu nasa makarancin a 2023. Takardar da aka turo ta WhatsApp kuwa ba ta bi ta burauza ba sam. Wayar ce ke miƙa ta ga wata manhaja da ke ciki, kamar Google Drive ko WPS Office. Idan ta ƙi buɗewa, ko kullum tana faɗawa hannun manhajar da ba ka so, shiga saitin wayar, ka nemo manhajar da ta ƙwace aikin, ka goge zaɓin da aka ba ta na buɗewa kai tsaye. Da ka sake danna takardar, wayar za ta jero maka manhajojin ta tambaye ka da wacce.